Otal ɗin da hanya ta bari

Ɗakuna goma sha huɗu gare ni, a wani tsohon otal da na gada wurin mahaifina. Aikinmu bai da wani asiri: ka wanke zanen gado, ka gyara famfon da ke ɗiga, ka zauna a kanta ka jira wanda hanya za ta kawo. Ran da aka karkatar da babban titi daga ƙofarmu kuwa, sai da muka yi mako guda makullai na rataye, ba wanda ya taɓa su.

Shi ya sa labarin La Posada ya tsaya mini a rai. Otal ne a Winslow, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Arizona ta Amurka. An buɗe shi a 1930 a bakin layin dogo na kamfanin Santa Fe, kamfanin Fred Harvey ke tafiyar da shi, wata mata mai suna Mary Colter ce ta tsara ginin. A lokacin, jirgin ƙasa har bakin ƙofa yake sauke masa baƙi. Da matafiya suka koma mota da jirgin sama, ɗakuna suka fara kwana ba kowa. A 1957 aka rufe shi, daga baya aka yi gwanjon kayan ciki, kamfanin jirgin ya mai da ginin ofisoshi. Sai a 1997, bayan shekara arba'in, wani mutum mai suna Allan Affeldt ya saye shi ya shiga gyara, har ya dawo karɓar baƙi.

Gwanjon nan ne ya fi ci mini rai. Gini in ya tsage ana iya liƙe shi, amma kujerar da ta shiga hannun mai saye, ina za ka bi ta?

Ni ma a shekarar da kasuwa ta mutu wani dillali ya zo yana taya allon makullanmu da tsohon littafin rajista, wanda tawadarsa ta koɗe har sai ka kai shi bakin taga kafin ka karanta. Kuɗin na buƙace su, wallahi, don rufin ɗaki na tara na yoyo. Na kwana ina juyayi, da safe na ce masa albarka.

Yanzu wasu baƙin, littafin nan suke fara tambaya kafin ɗaki. Kwanaki wata dattijuwa ta yi ta buɗa shafuka da gilashi a hanci, har ta gano sa hannun mahaifinta. Ta nemi ɗakin da ya kwana. Na tara ne, kuma an gyara rufin.