Yadda na tsara jadawalin kalmomin harsasai da ababen fashewa a harsuna uku

Duk wanda zai haɗa kalmomin makamai na Turanci da Jamusanci da harshen Ailan, kada ya fara da ƙamus. Ni da ma'anar abin nake farawa: layi ɗaya da ke faɗin mene ne, sai hoto, sannan kalmomin su biyo baya. Ma'anonin Turanci ina ɗauko su ne daga IMAS 04.10, kundin kalmomi na ƙa'idojin kwance nakiyoyi na duniya, ina gwada su da AAP-6, kundin kalmomin soja na NATO, wanda Turanci da Faransanci kaɗai ke cikinsa.

Jamusanci ne ya fi cin lokaci. Granate tana kama da "grenade", amma sau da yawa harsashin igwa take nufi. Gurnetin da ake jifa da hannu shi ne Handgranate. Mörser kuma sai an duba shekarar takarda. A takardun yaƙin duniya na biyu babbar igwa ce, abin da Turawa ke kira "mortar" kuwa Granatwerfer ne a lokacin, amma sojojin Jamus na yau Mörser suke ce masa. Saboda haka na ƙara gurbin shekara a kowane layi. Ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar da har yanzu ake tono bama-baman wancan yaƙin: a 2017 an kwashe mutum kusan 60,000 a Frankfurt saboda bam ɗaya na Birtaniya. Irin wannan bam da aka jefa bai tashi ba Blindgänger ne. Kada a haɗa shi da makamin da aka bari ba a harba ba, domin Yarjejeniya ta Biyar ta 2003, ta ƙasa da ƙasa kan ragowar ababen fashewa na yaƙi, ta raba su gida biyu: UXO, wanda aka harba ko aka jefa bai tashi ba, da AXO, wanda aka bari ba a yi amfani da shi ba.

Matsalar harshen Ailan daban ce. Ana samun kalmomin a téarma.ie, rumbun kalmomin harshen Ailan, da kuma IATE, na Tarayyar Turai, tun da harshen ya shiga sahun harsunan hukuma na Tarayyar Turai a 2007. Sai dai farkon kalma yana sauyawa a cikin jimla. Pléascán, wato abin fashewa, yakan koma phléascán ko bpléascán. Buama, wato bam, ya koma bhuama ko mbuama. In ba a rubuta duka siffofin ba, binciken kwamfuta zai tsallake su. Ga kuma kalmomi masu fuska biyu: mianach nakiya ce, kuma mahaƙar ma'adinai ce, sliogán kwanson teku ne, kuma harsashin igwa ne.

A Jamusanci ma a kashe zaɓin neman cikakkiyar kalma, in ba haka ba Zünder, wato abin da ke tayar da bam, ba za ta fito da Zeitzünder (mai aiki da lokaci) ko Aufschlagzünder (mai tashi in ya bugi abu) ba. Kafin in miƙa aiki nakan nemi wanda ya yi aikin kwance bam ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, hoton yana gabansa, ya ga ko sunan ya dace da abin.