Talata: tambayar da autana ya yi min

Yau ma da wanki na fara. Autana ya sake jiƙa shimfiɗa, yaron da ya daina fitsarin kwance tun yana ɗan shekara 3, ga shi yanzu yana neman 5. Na tarar ya cusa zanin gadon a ƙarƙashin katifa, wai don kada in gani. Na yi kamar ban lura ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba shi ta fara gwada fitsarinsa, ta ga ba ciwo ba ne, sannan ta ce yara kan koma baya idan gida ya girgiza, kamar namu da Abbansu ya tafi: fitsarin kwance, tsotson yatsa, manne wa uwa. Ta ja min kunne kada a tsawata masa, balle a kunyata shi a gaban yayarsa, tsoro ƙara abin yake yi.

A makaranta ba wani labari. Darasi, gyaran littattafai, sai wata abokiyar aiki ta ce, "Ya maigida?" Na ce lafiya lau, na wuce. Ba yau zan buɗe wannan bakin ba. Abin da ya tsaya min a rai takardar makarantar yaran ce, layin da aka ce a rubuta mutum na biyu da za a kira idan wani abu ya taso. Na daɗe riƙe da biro kafin na sa lambar Yaya.

Da daddare ina sa masa rigar barci, kansa na cikin rigar bai ma fito ba, sai na ji muryarsa: "Umma, don na fasa wayar Abba ne ya tafi?" Wayar da ya yar tun bara, ni har na manta. Ashe shi yana ɗauke da ita duk tsawon lokacin nan.

Ni malama ce, mun karanta Jean Piaget, masanin tunanin yara, a kwalejin horar da malamai. Na san yaro tsakanin shekara 2 zuwa 7 daga kansa yake auna duniya, duk abin da ya faru sai ya ɗauka da hannunsa a ciki. Na rubuta haka a jarrabawa har na ci maki. Amma jin sa daga bakin ɗanka wani abu ne daban. Na durƙusa har idona ya yi daidai da nasa, na ce, "A'a, ba kai ba ne, ba kuma yayarka ba. Magana ce ta manya tsakanina da Abbanku. Yana nan Abbanku, ni ma ina nan, ba inda zan je." Ya ce, "Zai dawo?" Nan ne harshe ya so ya yi min ƙarya don ya samu ya yi barci. Na ce, "Ba zai dawo ya zauna da mu ba, amma za ku riƙa magana." Ya yi kuka. Gara kukan yau da ya yi ta zaman jiran ƙofa.

Babbar ce ma ta fi damuna. Shekararta 9, ba ta tambaya, ba ta kuka, ta koma uwa ƙarama: ta haɗa masa jaka, ta leƙa fuskata ta ga ko na gaji. Kowa yabonta yake wai ta yi hankali. Ni ba na so. Na karɓe jakar na ce ta je ta yi zanenta.

Yaya ta kira, ta ce, "Ke dai ki toshe lambar Abbansu ki huta." Na ce, "Yaya, hutuna ne, ba nasu ba." Ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 9, ta ce yaron da ya rabu da ɗaya daga iyayensa yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da su duka, sai fa in hakan zai cutar da shi. Mutumin nan ni ya ɓata wa, bai taɓa ɗaga wa yaran hannu ba. Sashe na 27 kuma ya ɗora wa iyaye biyun nauyin ciyarwa, wannan kam zan tuna masa, a rubuce.

Na tura masa saƙo cewa ya kira su ranar Asabar da yamma. Ya amsa da "to" kawai. Ba zan faɗa wa yaran ba sai ya tabbatar min ranar Juma'a.