Littafin jaka biyu

Jiya a kasuwar Marwa na tsinci wani tsohon littafin Faransanci kan tarihin kiɗa, gara ta cinye bangonsa. Jaka biyu na biya, Allah ya sani har da kuɗin cefane a ciki.

Da dare nake karanta wa Kaka yadda wasu masana a Jamus suka kasa kayan kiɗa gida huɗu a 1914, kakaki da algaita duk suka faɗa gidan busa. Tsohon da ya shekara arba'in yana busa algaita a ƙofar Lamiɗo ya ajiye goronsa, ya ce, "Kai yaro, wa ya haɗa su? Kakaki sai sarki."

Sai ya kumbura kumatu, ya nuna mini yadda ake shaƙar iska ta hanci busa ba ta yanke ba. Na gwada, na ƙware da yawu.