Da Ƙafa Daga Gashaka Zuwa Tudun Hendu

Wanda ya tashi daga Kano da niyyar Gashaka sai ya ɗaura ɗamarar zaman mota. Bauchi, Gombe, Kaltungo, Numan, Jalingo, sannan a miƙi hanyar Garba Chede da Bali har Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. Shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa ya jingina da iyakar Kamaru. A 1991 gwamnatin tarayya ta haɗe gandun Gashaka da na Gumti suka zama guda. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, mita 2,419, wanda babu tsaunin da ya kai shi tsawo a ƙasar nan. Mu dai ba can muka nufa ba. Niyyarmu mu taka daga ƙauyen Gashaka, mu bi ta Kwano, mu hau tudun Hendu mu sauko, a watan Janairu, lokacin da koguna suka janye.

A Serti aka rubuta sunayenmu, aka haɗa mu da ma'aikacin gandun daji, wani matashi mai bindiga da 'yar na'urar da ke nuna wuri ta tauraron ɗan Adam. Mota ta haye da mu kogin Kam ta ajiye mu a Gashaka. A kan wani tudu kusa da ƙauyen akwai kangon sansanin Jamusawa, don wannan yanki a hannunsu yake har Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma bai shigo Najeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. A nan muka ɗauki 'yan dako, muka kuma samu jagora, wani dattijo siriri wanda kowa ke ce wa Baba. Tsohon maharbi ne, ya ajiye harbi tun da aka hana. Kayansa duka ba su wuce adda, wuƙa, sanda, bargo, buta da wata 'yar jakar fata da ke rataye a wuyansa ba. Ya duba takalman kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko an ɗauko gishiri, ya ce bismillah.

Darasin farko a bakin ruwa muka same shi. Kogin bai wuce cinya ba, ruwan garau, ana hango duwatsun ƙasa. Duk da haka Baba bai bar kowa ya shiga ba sai da ya bi gaɓar sama da ƙasa yana dubawa. Ya wuce inda kogin ya tsuke, ya zaɓi inda ya baje ya yi faɗi.

"Malam, inda ya matse nan ne yake da ƙarfi," in ji shi. "Kwance maɗaurin jakarka na ƙugu. In ka faɗi, ka sake ta ta tafi. Ka fuskanci inda ruwan ke fitowa, ka kafa sanda tukuna sannan ka ɗaga ƙafa. Kada ka cire takalmi."

Da muka haye ya nuna mana shara da ciyayi da suka maƙale a rassan wata bishiya, sama da kan mutum a tsaye. Nan ne ruwa ke kaiwa da damina. Ya ce a wannan ƙasa ruwan sama kan zuba a kan duwatsu, kai kana ƙasa rana na dukanka, sai kawai ka ga kogi ya yi ja ya taso. Shi ya sa ko da rani ba ya kwana a kan rairayin kogi, komai laushinsa. Waɗannan koguna, Kam da Gashaka da Gamgam da sauransu, su ne ke haɗuwa su ciyar da kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Manomin da ke ban ruwa a can ƙasa yana cin albarkacin bishiyoyin da muke ratsawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Hanyar Kwano tsohuwar turba ce da mutanen tudu ke bi su sauko kasuwa. Tana ratsa dajin kalgo da kaɗanya da doguwar ciyawa, can kuma ta faɗa kurmi mai duhu a bakin rafi, inda tukurwa ke tsirowa. Ƙudan tsando ya dame mu a filin ciyawa, kuma ya fi bin masu baƙaƙe da shuɗɗan kaya. Igiyar kayan wani ɗan dako ta tsinke a hanya. Baba ya sari reshen kalgo, ya ɗaye ɓawon, ya tsage na ciki sili-sili, ya murza a cinyarsa, kafin mu gama shan ruwa an ɗaure kaya. Reshe ɗaya ya sara, daga gefe, bai taɓa gindin ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda yake zaɓen wurin kwana. Da la'asar sakaliya yake tsayawa, ko da ƙarfinmu bai ƙare ba, domin a wurinsa wanda duhu ya riska yana neman makwanci ya riga ya makara. Sai ya fara ɗaga kai sama: akwai busasshen reshe da iska za ta iya karyowa? Akwai amyar zuma a kogon bishiya? Sannan ya sunkuya ƙasa. Yana neman turbar dabbobi da ke gangarawa ruwa, don ba a shimfiɗa a kan hanyar ɓauna ko dorina. Yana neman jerin kwarkwasa. Wanda bai taɓa kwana a kurmi ba ba zai gane dalilin da ya sa maharbi ke tsoron kwarkwasa fiye da kura ba, amma rundunarsu kan tashi zango guda cikin dare. In wuri ya yi masa, sai a share ganye har ƙasa ta fito fili, daga baya a zagaye makwanci da toka.

Sai wuta. 'Yan dako suna da ashana, amma na roƙe shi ya nuna mini abin da ke cikin jakar wuyansa. Ƙyastu ne: ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da hannu ya goge har yana sheƙi, da tsinin ƙanƙarar dutse, da dunƙulen audugar rimi da aka ɗan babbaka. Ya tsuguna ya ba iska baya. Ya ɗora ɗan audugar a kan dutsen, ya danne da babban yatsa, ya ƙyasta ƙarfen daga sama zuwa ƙasa. Bayan 'yan bugu kaɗan wani tartsatsi ya kama, ɗan ja ya bayyana a gefen audugar. Bai yi gaggawa ba. Ya naɗe shi cikin busasshiyar ciyawa da ya riga ya murtsuke ta yi laushi, ya ɗaga daidai fuskarsa, yana hurawa a hankali, dogon numfashi, har hayaƙin ya yi kauri ya koma fari, sai harshen wuta ya tashi a tafin hannunsa. Ya ajiye, ya jera ƙirare sirara, sannan masu kauri, sannan ya kawo gumagumai uku ya haɗa kawunansu a tsakiya. In ana son wuta sai a tura su ciki, in ana son ta lafa sai a ja baya. Haka ta kai mu asuba ba tare da an ƙona itace mai yawa ba.

Wani ɗan dako ya ɗebo duwatsun murhu daga cikin rafi, Baba ya ce ya mayar. Dutsen da ya sha ruwa in ya yi zafi yakan fashe, ɓarɓashinsa ya tsiyaye wa mutum ido. Aka nemo busassu daga tudu, aka tuƙa tuwon masara da miyar busasshiyar kuɓewa da daddawa. Ruwan sha kuwa daga inda yake gudu ake ɗiba, a tace da ƙyalle, a tafasa, komai kyansa a ido.

Da asuba, Gamzaki na sama, kowa ya zazzage takalminsa kafin ya sa ƙafa, saboda kunama. Na tambayi Baba maganin sarar maciji, ina tsammanin zai ambaci wata saiwa. Ya ce maganin farko shi ne sanda a gaba da ido a ƙasa, musamman don kasa, wadda ba ta gudu, kwanciya take a kan turba ta saje da ganye. In kuma ƙaddara ta faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurin da zai kashe ƙafa. A kwantar da mutum, a hana shi motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ya san labarin asibitin masu sarar maciji na Kaltungo, wanda muka wuce a hanya. Na girmama shi a kan wannan amsa fiye da kowace, domin mutum ne da ya san iyakar saninsa.

Kwano tsohon ƙauye ne da aka tashi, inda masu bincike suka kafa sansani tun shekarar 2000 don nazarin birai. A kurmin da ke kewaye da shi ne biri mai ganga, wato chimpanzee, yake zaune, irin da ba a samu sai a Najeriya da Kamaru. Ba mu gan shi ido da ido ba. Mun dai ji shi da hantsi, can cikin kwari, yana dukan saiwar bishiya, sautin na ratsa kurmi. Baba ya nuna mana sheƙunansu a saman bishiyoyi, rassa ne da aka lanƙwasa aka saƙa, kuma kowane dare sabuwa suke yi. Daga launin ganyen yake gane ta jiya da ta makon jiya. A gindin wata bishiya ya tsince wasu 'yan sanduna da aka zage wa ganye, bakinsu ya tattauje. Da su biran ke zaƙulo zumar ƙananan ƙudan zuma marasa harbi, da wasu kuma suke kamo kwarkwasa su ci. Ya mayar da su daidai inda ya ɗauka, ya ce masu bincike za su so su gani.

Gaba kaɗan ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak. Kashin ɓauna ne a kan hanya. Ya tsaga shi da tsinke, cikin da ɗumi, ƙuda bai ma taru ba. Ya duba sawun: gefensa bai zube ba, ciyawar da aka taka ba ta gama miƙewa ba. Ya ɗebi ƙura ya sake ta a hankali don ya ga inda iska ta dosa. Can sai carki, tsuntsun nan mai bin ɓauna da shanu, ya tashi daga cikin ciyawa yana kuka. Baba bai ce uffan ba, ya juya da mu muka yi dogon zagaye ta ƙarƙashin iska. Abin da ya karanta a ƙasa cikin ɗan lokaci ya fi shafin jarida bayani, kuma ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba. Wannan ne ke damuna. Ilimin nan da farauta aka gaje shi, farauta kuwa an hana, kuma hanin daidai ne. To amma in ba a samar wa irin su Baba aikin jagora da kiwon daji ba, a biya su da daraja, a haɗa su da yara masu koyo, ranar da suka kwanta dama shi ke nan.

Hawan Hendu ya ci ƙarfinmu. Kurmi ya ƙare, bishiyoyi suka gajarce, muka fito fili mai ciyawa a tsayin da ya kusa mita 2,000. Sanyin can ba irin na hunturun Kano ba ne, mai laima ne, raɓa na jiƙa bargo. Fulani na zaune da shanunsu a wasu keɓaɓɓun wurare da dokar gandun ta amince musu, kuma abin da ya hawo da su shi ne tsando ba ya rayuwa a wannan tsayi. Wata dattijuwa ta kawo mana kindirmo a ƙwarya, ta ƙi karɓar kuɗi, sai gishiri da sukari ta karɓa. Sai a lokacin na gane tambayar da Baba ya yi a Gashaka.

Makiyaya kan sa wa ciyawa wuta da rani don sabuwa ta tsiro, kuma mun hango hayaƙi a wani kwari. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Ya ce wutar daji ta fi gudu in tana hawan tudu, don haka ba a tsere mata ta sama. A nemi rafi, ko dutse, ko inda ya riga ya ƙone. In babu ko ɗaya, ka ƙyasta taka wutar a gabanka ta bi iska, ka shiga inda ta cinye ka tsaya. Hazo kuma in ya rufe tudu, a zauna wuri ɗaya har ya yaye, don gefen kwari ba ya sallama. Kowace safiya kafin mu tashi sai ya zuba wa murhu ruwa, ya tona tokar, ya sa bayan hannu ya ji babu ɗumi.

A hanyar saukowa, kusa da wani rafi, ya ratse daga turba ba tare da ya ce komai ba. Ya ga wani ƙaramin reshe da aka karya aka tanƙwara, ba yadda dabba ke karyawa ba. Ya bi da sanda yana ɗaga ganye, sai ga tarkon waya an ɗana a kan hanyar gada. Ya ce mai ɗana tarko ba ya ɗana guda ɗaya, ya tsaya ya dubi yadda ƙasar ta kwanta, ya nuna wurare da bakin adda: can, da can, da gindin waccan bishiya. Ma'aikacin gandun ya je, ya tarar da su a inda aka nuna. A ɗaya daga ciki akwai ƙafar mazo da ta bushe. Matashin ya danna na'urarsa a kan kowane tarko, ya rubuta a littafinsa, ya ce za a turo 'yan sintiri su kwana a yankin.

"Baba, yaya aka yi ka san inda suke?" ya tambaya.

"Ɗana, da ni ne zan ɗana, nan zan sa."

Ya naɗe wayoyin ya miƙa masa, muka ci gaba da gangara. Mun shiga Gashaka ana kiran magariba, washegari muka hau babura zuwa Serti.