Kafin ka biya kuɗin lu'ulu'u mai VVS, tabbatar takardar ta dutsen ce

Mai sayen zinariya a kasuwar Garwa ko Marwa yana da madogara: a goga, a ɗiga ruwan gwaji, a ɗora a sikeli, a lissafa da farashin giram na ranar. Lu'ulu'u bai san wannan hanya ba. Duwatsu biyu masu nauyi ɗaya sai kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan, ido kuma ba zai faɗa maka dalili ba. Shi ya sa zobba da 'yan kunnen da ake shigowa da su daga Dubai suke zuwa da takarda. Sai dai yawancin masu haɗa lefe haruffa uku kawai suke nema a cikinta, da sun ga VVS, wato ɗaya daga manyan matakan tsabtar dutse, sai su zaro kuɗi.

Takardun da 'yan harkar ke yarda da su na GIA ne, hukumar awon duwatsu masu daraja ta Amurka, wadda ta fito da ma'aunin da duniya ke bi tun 1953, sai IGI da HRD na birnin Antwerp a Beljiyam. Wadda shago ya buga da sunansa rasit ce, komai ƙyallinta. Takardar Kimberley kuwa, tsarin da Kamaru ta shiga a 2012, ta ɗanyen dutse ce mai ƙetare iyaka, ba ruwanta da kyau ko tsabta. Kuma takardar awo ba ta yanke farashi, siffar dutse kawai take faɗa.

Aikin farko shi ne haɗa takarda da dutse. Shigar da lambar takardar a shafin intanet na hukumar da ta bayar, ka ga ko bayanin ya zo daidai. Sannan a nemi lambar a jikin dutsen, domin galibi ana zana ta da leza a siririn gefen da ya kewaye shi kamar ɗamara. Madubi mai ƙara girma sau 10 yana nuna ta da ƙyar, mai sau 20 ya fi. A auna nauyi: karat ɗaya giram 0.2 ne, ba shi da alaƙa da karat 18 ko 21 na zinariya. A auna faɗi: dutse zagayayye mai karat ɗaya yakan kai kusan milimita 6.5. Duk wannan sai dutsen yana sake yake yiwuwa sosai. Idan an riga an ɗaura shi a zobe, sikeli ba shi da amfani, kuma maƙeri gwani ya iya ɓoye tsagu a ƙarƙashin ƙafar da ke riƙe dutsen.

Lambar ma ana iya ƙirƙirar ta, an sha kama lu'ulu'un da aka haɗa a masana'anta ɗauke da lambar wanda aka haƙo daga ƙasa. Ƙaramin injin gwajin da ake dangwalawa a shago ba ya raba su, saboda dukkansu lu'ulu'u ne, kuma mai auna zafi kaɗai har mosanait, wani dutse mai kama da lu'ulu'u, yana wuce shi. Abin da ba a iya kwaikwaya shi ne tabon cikin dutse, nan ne zanen da ke takardar yake da amfani. Jan tawada abin da ke ciki ne, kore abin da ke bisa fata. Idan zane ya nuna ɗigo kusa da gefe, dole ka gan shi a wurin. Dutsen da ya fi takardarsa tsabta abin tsoro ne, ba garaɓasa ba. Ƙaramar takardar GIA ta duwatsun da ba su kai karat 2 ba ba ta da zanen, sunayen tabon kawai take jerawa.

Matakan tsabta 11 ne, duka da madubi mai sau 10 ake yanke su. FL babu komai ciki da waje, IF cikinsa fes sai ɗan abu a fata. VVS1 da VVS2 ko gwani sai ya wahala zai gano tabon. VS1 da VS2 tabo ne ƙanana, SI1 da SI2 madubi na nuna su nan take, I1 zuwa I3 ido ma yakan gani. A takardun Turai za ka tarar da P1 zuwa P3 a madadin waɗannan ukun na ƙarshe.

Ra'ayina a nan a fili yake: ga zoben da za a sa a yatsa, kuɗin da ke tsakanin VS2 da VVS1 na abin da babu mai gani ne. Inda ake bukatar natsuwa shi ne SI, domin SI1 biyu ba sa zama ɗaya. Baƙin ɗigo a tsakiyar fuskar dutse yana bayyana, wani lokaci fuskokin ƙasa su maimaita shi ya zama kamar guda biyar. Farin tabo mai girma ɗaya da shi a gefe ba wanda zai lura. Tsagu da ya kai ɗamara ko kusurwa ya fi su duka haɗari, bugu ɗaya a bakin ƙofar mota na iya ƙara shi, don taurin lu'ulu'u na hana ƙarzuwa ne, ba ya hana tsagewa. Karanta kuma ƙarin bayanin da ke ƙasan takarda. Idan aka ce an yanke matakin ne saboda gajimare, wato tarin ƙananan ɗigo a cikin dutse, wanda ba a zana ba, zanen zai fito fes amma dutsen na iya yin hazo, ba walƙiya. Yankan murabba'i mai faffaɗar fuska yana tona tabo fiye da zagayayye mai fuska 57 ko 58, haka ma dutse mai girma, don haka su a ɗaga musu mataki.

Akwai duwatsun da ake cika tsagunsu da wani abu mai kama da gilashi. GIA ba ta ba su mataki. Alamarsu walƙiyar shuɗi, shunayya ko ruwan lemo idan ana juya su a madubi, kuma wutar maƙeri wajen rage zobe tana lalata cikon, tsagun ya dawo.

Kafin dubawa a wanke dutsen da ruwan ɗumi da sabulu, domin lu'ulu'u na jan maiƙo, ga ƙurar hunturu, sai datti ya yi kama da tabo. A fita da shi daga fitilun shago zuwa inuwar bakin ƙofa, a riƙe shi kamar tsawon kamu ɗaya daga ido. Idan ba a ga komai ba, rarar kuɗin ta tafi ga kyawun yanka, don shi ke kawo walƙiya. A rasit kuma a rubuta lambar takarda, nauyi, mataki, da cewa dutsen na ƙasa ne ba a yi masa ciko ba, mai shago ya sa hannu.