Idon ruwan da aka rufe da siminti

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ofis. Abokan aiki sun matsa in rubuta abin da na koya, to ga shi, amma yawancinsa maganar wani idon ruwa ne da ke bayan garin Mokolo, a arewacin Kamaru.

Kowa a cikinmu, masu aikin kare namun daji da tsirrai, ya san inda kuɗi yake. Giwa da raƙumin dawa na Waza, zaki da dorina na Binuwai, su ne ke sa masu tallafi su buɗe jaka. Tun 1968 dazuzzukan nan biyu suke da matsayin gandun ƙasa, da doka da masu gadi. Abin da aka ɗora mini ba shi da ko ɗaya: wata gansakukar dutse, dangin Riccia da Marchantia, koriya, a shimfiɗe, faɗinta bai wuce farcen ɗan yatsa ba.

Ba ta da saiwa, sai wasu siraran zarurruka da take manne wa dutse da su. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Da ƙwayoyi masu kama da ƙura take yaɗuwa, kuma kafin a same su sai ƙwayar namiji ta yi iyo cikin ruwan da ke kwance a jikinta ta iske ta mace. Da yawa cikin danginta sukan naɗe su bushe da rani, ruwan fari ya farfaɗo da su. Tamu ba ta iya wannan. A duwatsun Mandara kuwa rani yakan ci wata bakwai ko fiye, don haka ba ta da mafaka sai tsagin dutsen da ruwa ke tsattsafowa har cikin bazara, a inuwar wani tsohon ɓaure.

Da kuɗin gyara idon ruwan suka zo, na yi murna. Na ga matan ƙauyen suna hawan dutse da tulu tun asuba, kuma ban taɓa cewa ciyawa ta fi su ba, ko da yake haka aka yi ta faɗa a bayana. Abu biyu na roƙa: a bar ɗan bututu da zai riƙa ɗiga rarar ruwa a kan dutsen, kuma kada a taɓa ɓauren. Maginin, wani dattijo Bahaushe daga Marwa, ya duba ya ce, "Malam, wannan ai guntun bututu ne, kafin azahar na gama."

Na kai wa shef, wato shugabanmu a ofis, magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙarin kuɗi ba ne, kuma famfo ba zai rasa ruwa ba." Ko takardar bai buɗe ba. Ya ce baƙi na tafe, ba zai tsaya yi musu bayanin gansakuka ba, kuma wa ya ba ni izinin yin shawara da magini? A gaban direba da yaran aiki ya faɗi haka. Kafin mako ya zagayo an mayar da ni Garwa, ina lissafin rasiɗin man mota.

Aka sare ɓauren don motar yashi ta samu wurin juyawa. Aka lulluɓe idon da siminti ruf. Da na samu komawa cikin bazara, dutsen ya yi fari fat, na shafa ban ji ko alamar damshi ba. Na sake zuwa a tsakiyar damina ko an dace, ba ta fito ba.

Rahoton shekara ya ce an samar da ruwa tare da kare tsirran da ba a cika samu ba. Hotunana ne a ciki, bayanin da na kwana ina rubutawa ne, samfurin da na busar da hannuna ne aka aika Yawunde. Sunana ne kawai babu. Mutane sun ce in yi haƙuri, na kuma yi, amma har yau in na ga rahoton a kan shiryayye raina yakan sosu, domin duk wanda ya karanta zai ɗauka tana nan da ranta.

Ga wanda zai gaje ni: duk shawarar da ka ba na sama, ka rubuta, ka sa kwanan wata, ka ajiye kwafi a gida. Ka zauna da lawan, wato mai garin, kafin mota ta sauke siminti, domin maganarsa ta fi taka nauyi. In kana neman inda dutse ba ya bushewa, tambayi mata masu ɗibar ruwa da yara makiyaya. Samfuri kaɗan ake ɗiba, a ambulan na takarda, leda tana ruɓar da shi.

Wata tsohuwa da nake kira Iya ce ta nuna mini wuri na biyu, can saman kwarin, kuma gansakukar tana nan. Ni da lawan muka yi yarjejeniya a rubuce, da sa hannunsa, cewa ba za a sare bishiyar wurin ba, kuma in za a ja ruwa sai an bar wa dutsen rabonsa. Kwafi ɗaya na wurinsa, ɗaya na cikin shuɗin fayil a aljihun teburina na ƙasa. Shef bai san da ita ba, bai kuma taɓa tambaya ba.