Mako na shida a tsarin kito: na gano abin da ya riƙe ni

Assalamu alaikum 'yan uwana masu wannan tafiya ta kito, wato tsarin cin abinci da ake rage sitaci da sukari ƙwarai domin jiki ya koma ƙona kitse. Yau bayan sallar la'asar na soki yatsana kamar yadda na saba, na ɗiga jinin a kan tsinken gwaji, na'ura ta ƙirga ta nuna 1.2, wato yawan kiton da ke jinina, sinadarin da hanta ke samarwa idan jiki ya koma ƙona kitse. Na daɗe ina kallon lambar kafin zuciyata ta yarda, domin sama da wata guda na yi ina ganin 0.2 da 0.3, har na fara tunanin ko jikina ne ba ya karɓar wannan tsari. Wallahi na yi farin ciki ƙwarai, kuma shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda aka yi, tun da na san a cikinku akwai waɗanda ke tsaye a inda na tsaya.

Tun ranar farko na ajiye tuwo da shinkafa da taliya da burodi da masa, na ajiye dankalin turawa duk da cewa a nan Jos shi ne abin da ya fi sauƙin samu, na kuma daina sa sukari a shayi. A makon farko kilo biyu ya tafi, na ɗauka aiki ya fara. Daga baya na fahimci cewa yawancinsa ruwa ne, saboda sukarin da jiki ke tarawa a hanta da tsoka, wanda ake kira gilaikojin, kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da ruwa kimanin giram 3, da ya fara raguwa sai ruwan ya bi fitsari. Daga nan ma'auni ya tsaya cak, lambar kiton ma ta ƙi motsi. Kun san sai kiton na jini ya kai 0.5 ake cewa mutum ya shiga yanayin ƙona kitse, ni kuwa ko kusa ban kai ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin tsinken gwajin jini, wanda daga Abuja aka aiko mini da shi, kowane ɗaya ya haura naira 2,000 a lokacin da na saya. A makonni huɗu na ƙona guda goma sha huɗu, duk suna ba ni amsa ɗaya, kuma duk lokacin da na jefa wanda na yi amfani da shi a kwandon shara sai in ji kamar kuɗin cefane na jefar.

Na zargi abubuwa da yawa kafin in kai ga gaskiya. Da farko na zargi na'urar, na sayi tsinken fitsari mai arha domin in kwatanta, shi ma da ƙyar launinsa ya canza. Sai na zargi lokacin gwajin, domin da asuba nake yi, kuma a wannan lokacin kiton yakan yi ƙasa a jikin mutane da yawa, na koma yi da yamma, aka samu 0.3 a maimakon 0.2. Na zargi gwaten accan da na sha sau biyu a gidan suna, wanda aka tabbatar mini cewa ba ya da illa tun da masu ciwon sukari ma suna ci. Acca hatsi ce, cike take da sitaci kamar sauran hatsi, kuma ba ta da wuri a wannan tsari, amma kwano biyu a wata guda ba za su riƙe mutum makonni huɗu ba. Har nama na rage, saboda na ji ana cewa yawansa yana hana shiga, na yini da yunwa a banza.

Abin da ya warware matsalar ƙaramin sikelin kicin ne da littafin rubutu. Na ɗauki alkawarin cewa kwana uku duk abin da zai shiga bakina sai na auna shi na rubuta, ko da loma ɗaya ce. A safiyar farko na ɗora kofi a kan sikelin, na zuba madarar gari cokali uku kamar kullum, na ga giram 30. Na juya gwangwanin na karanta bayansa da kyau, abin da ban taɓa yi ba: a kowane giram 100 akwai sukari kusan giram 38. Madara tana da sukarinta na asali, idan aka busar da ita kuma sai ya taru wuri ɗaya. Ke nan kofi ɗaya na shayina yana ɗauke da giram 11. Duk wanda ya san sanyin Jos a wannan lokaci ya san ba kofi ɗaya ake sha ba. Ina sha da asuba, ina sha a wurin aiki, ina sha bayan magariba, wani lokaci in ƙara kafin barci, kuma tun da na daina sa sukari sai na ƙara yawan madarar domin shayin ya shawu. Shayi kaɗai yana ba ni giram 33 zuwa 44 a rana, alhali iyakar da ake so ga yawancin mutane ita ce giram 20 zuwa 50 na sitaci da sukari gaba ɗaya. Na zauna a kan kujerar kicin da gwangwanin a hannuna, raina ya ɓaci sosai, domin da hannuna nake rushe abin da nake ginawa, sau uku ko huɗu a kowace rana.

Da na ci gaba da rubutu sai sauran suka fito. Kilishin da nake ci idan yunwa ta taso, na tambayi mai yin sa ya gaya mini gaskiya cewa yana sa sukari a cikin haɗin tunkuzar da ake shafa wa naman. Albasa, wadda nake yanka manya biyu a miya, tana da kusan giram 9 a kowane giram 100. Ga tumatirin gwangwani, ga gyaɗar da nake ɗiba ba lissafi, ga kindirmo. Kowannensu shi kaɗai ba wani abu ba ne, amma da na haɗa su da shayin sai na ga ina kai wa giram 80 zuwa 90 a rana. Hanta kuwa ba ta fara sarrafa kitse ya zama kiton da yawa sai insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ya sauka ƙwarai kuma ajiyarta ta sukari, wadda ba ta wuce kimanin giram 100 ba, ta ƙare. Ni kuma duk bayan 'yan sa'o'i ina sake cika mata ajiyar. Na bar abincin da nake so, na sha wahalar barinsa, amma ban taɓa barin jikin ya juya zuwa ƙona kitse ba.

Kwana goma ke nan da na daina madarar. Shayi ya koma baƙi da citta da kanumfari, kilishi ya koma tsire ko balangu da ɗan yaji kaɗan, albasa ta koma rabin guda. A kwana na huɗu na ga 0.6, kuma a ranar ce wahalar gaske ta zo, wadda nake jin kuna ba da labarinta ina mamakin yadda ni ban ji ta ba. Kaina ya yi ciwo kamar ana sara shi, jijiyar ƙafata ta ɗaure da tsakar dare har na tashi Maigida, kuma a sallar asuba da na ɗago daga sujada zan miƙe, jiri ya ɗebe ni sai da na dafa bango. Dalilin shi ne idan insulin ya sauka, ƙoda tana sakin gishiri da ruwa fiye da da. Na dafa romon ƙashi da gishiri isasshe ina shan kofi ɗaya safe da yamma, na ƙara ruwa, na ƙara alayyafo da zogale da fiya, cikin kwana biyu kan ya saki. Ni ba ni da hawan jini, shi ya sa na iya yin haka. Mai hawan jini, musamman mai shan maganin da ke sa fitsari, kada ya ƙara gishiri da kansa sai ya yi magana da likitansa.

Tuwon kabejin da nake yi a madadin tuwon hatsi ma ya fara haɗuwa. Kabejin kasuwar Farin Gada nake saye, in markaɗa, in matse shi a ƙyalle har sai ruwa ya daina ɗiga, sannan in tuƙa a wuta kaɗan da garin siliyom, wato garin ɓawon wani iri da ke sa tuwon ya haɗe, ƙaramin cokali ɗaya. Matsewar ce duk sirrin. Da miyar kuɓewa ko ta kuka yana tafiya lafiya, kuma ya taimaka mini da taurin bayan gida da ya dame ni a makonnin farko.

Akwai kuma labarin da bai yi mini daɗi ba, kuma ba zan ɓoye muku shi ba. Kafin in fara na yi gwajin jini, shekaranjiya na sake yi, na kai wa likita takardun biyu. Sukarina ya yi kyau, ƙodata lafiya, amma kolestarol ɗin da ake kira LDL, wanda ke taruwa a jijiyoyin jini, ya hau. Ta tambaye ni da wane mai nake girki, na ce man shanu, safe da rana da dare, ga kitsen nama da ba na cirewa. Ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, nauyi zai iya sauka alhali jijiyoyin zuciya suna cutuwa, kuma ba za ki ji komai a jikinki ba." Ta ce in mayar da man shanu abin ɗanɗano kawai, in koma man gyaɗa da man zaitun da kifi da fiya, in dawo bayan wata uku, idan bai sauka ba za mu sake duba tsarin gaba ɗaya. Ta tuna mini cewa asalin wannan abinci magani ne: a 1921 wani likita mai suna Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara shi domin masu farfaɗiya, har yau ana amfani da shi ga yaran da ƙwayoyi ba su yi musu aiki ba, kuma ana bibiyar su da gwaje-gwaje saboda abubuwa irin su tsakuwar ƙoda. Maganar ta shige ni, domin ni da kaina na ɗauke shi da sauƙi fiye da yadda ya kamata.

Jiya Yayata ta zo ta ga na ɗan faɗa, ta ce ita ma daga yau ta bar tuwo. Tana da ciwon sukari, tana allurar insulin. Na riƙe hannunta na ce, "Yaya, don Allah kada ki fara sai likitanki ya sani." Wanda ke allura ko shan ƙwayar da ke sauke sukari, idan ya yanke sitaci kwatsam bai rage magani ba, sukarinsa zai iya faɗuwa har ya suma. Idan kuma ya daina allurar da kansa, kiton zai iya taruwa ya wuce kima jini ya yi tsami, wannan kuwa yana kisa, kuma ya sha bamban da 1.2 da nake murna da shi. Akwai ma rukunin magungunan sukari na zamani masu fitar da sukari ta fitsari, waɗanda kan jawo wannan tsamin jini ko da na'ura ta nuna sukari daidai. Haka masu juna biyu da masu shayarwa da masu ciwon ƙoda ko hanta, ban yarda wata ta kwaikwaye ni ba. Yaya ba ta ji daɗi ba da farko, amma ta yarda mu je asibiti tare ranar Litinin.

Tsinke shida ya rage mini, kuma na yanke shawarar sau ɗaya duk mako biyu zan riƙa gwadawa, ranar Juma'a da yamma, domin su kai ni kusa da lokacin komawa wurin likita. Littafin aunawa zai ci gaba da zama kusa da sikelin. Abin da har yanzu ban samu mafitarsa ba shi ne shayin asuba, domin baƙin shayi a wannan sanyi ba ya riƙe ni har ƙarfe goma. Gobe zan gwada madarar kwakwa da na tatsa da kaina, zan auna ta kafin in zuba, kuma wadda ta riga ni gwadawa a cikinku ta gaya mini cokali nawa take sawa.